Saniyar Wancan da Kwamfutar Kulu

Zandam, ƙasar Gwaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka da mutanen makarantar da ka fara koyarwa. Allah Ya tsare ka a titunan Kano, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya sa barin gidan nan da ka yi ya zama na alheri. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci da ɗuminsa. Labarin gari ba zan ɓata takarda a kansa ba, ka ji shi a bakin Alhaji Sabo direba da zai miƙa maka wannan, don shi ko ba ka tambaya ba zai ba ka.

Na san za ka yi mamaki, ga waya a aljihuna amma na zauna ina rubutu kamar ɗan firamare. Dalili biyu ne. Na farko, ka san wayata. In na yi magana da kai a zaure, har mai shayin bakin tasha sai ya ba da tasa shawarar. Na biyu, abin da zan faɗa bakina ba zai iya ɗaukarsa ba. Kai ɗan fari ne, mu kuwa mun taso an koya mana kunyar ɗan fari. Shekara ashirin da bakwai ke nan ba wani mahaluki mai ƙafa biyu da ya taɓa jin sunanka a bakina. In kana kusa in ce "kai", in kana nesa in ce "Wancan". Takarda ba ta kallon mutum a ido, shi ya sa na zaɓe ta.

Saƙonka ya iso. Ka ce tunda ƙanwarka Kulu ta samu shiga kwaleji a Birnin Kudu, in kai jar saniyarka kara ranar kasuwar Sara in sayar, in aiko maka da kuɗin, ka saya mata sabuwar kwamfuta fil a kwalinta, irin mai tsadar nan, da babbar waya, don kada kowa ya raina ta. Na ji. Saniyarka ce, ba ni da ikon hana ka. Amma kasuwa biyu ta ci ina cewa ƙafata ke ciwo, alhali ƙafata lafiyarta ƙalau. Kafin ta uku ta zo, ka zauna ka karanta tarihin mahaifinka da kayan lantarki. In ka gama ka ce a sayar, ni da kaina zan ja igiyar.

Tushen wautata ɗaya ne: na san shanu. In na hango sa daga nesa zan gaya maka shekarunsa da irin ciyawar da ya ci. In duba tozo, in duba haƙori, in duba kofato, in saurari kukansa. Dillalan Sara in sun gan ni sai su rage ƙarya. To, wannan idon na ɗauka na shiga da shi shagon kayan wuta, ina ganin duk ciniki ɗaya ne.

Ka fara da fawa banki. Ka san wuta a garinmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. Na gaji da kai waya wurin mai caji, sai na hau mota zuwa Birnin Kudu. Mai shagon farko, bawan Allah, ya miƙo mini wata 'yar ƙarama ya ce, "Malam, wannan ta fi riƙe wuta." Na ɗora ta a tafin hannu na ji kamar ban riƙe komai ba. Na ce a raina, wannan ramammiyar ce zai kakaba mini? Na fita. A bakin tasha na tarar da wani ya baza kaya a kan baro. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina jinjinawa yadda ake jinjina rago, har na samu wadda ta sa hannuna ya yi ƙasa.

Mai baron ya ce, "Kai, Alhaji, wallahi ka san kaya! Tun safe ba wanda ya gane ta sai kai."

Ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba aka kira ni Alhaji, kuma maimakon in farga sai na gyara zaman hula.

Na zo gida na ba ta wuta yini guda a wurin mai caji. Da na jona wayata, kafin in gama alwala ta mutu. Na ce sabunta ce, za ta saba. Wata biyu ina yawo da ita tana ja mini aljihu ƙasa, har ranar da za mu wurin suna a Kiyako ta suɓuce daga kan babur ta dare biyu. Muka tsaya muka duba. Wani ɗan batir ne a ciki bai fi ɗan yatsana ba, sauran wurin kuwa ƙulli biyu ne na yashi, an ɗaure su da kyau a leda. Ni da kogi yake bayan gonata, na biya kuɗin mota har Birnin Kudu na sayo yashi. Da na nuna wa Innarka, ko dariya ba ta yi ba. Cewa ta yi, "A adana, Malam, in an tashi yaɓen ɗaki ya rage mana wahala."

Saboda haka ka ji: nauyi ba lafiya ba ne a kayan wuta. Kada ka sayi abin da ba a gwada a gabanka ba. Kuma in mai kaya ya fara yabon idonka maimakon ya yi maka bayanin kayansa, ka yi masa sallama. Wanda ya nuna maka ƙarami mai sauƙin kuɗi alhali ga babba a kusa da hannunsa, shi za ka koma wa.

Sai waya, wannan da take aljihuna har yanzu don na rantse sai ta mutu da kanta. A kara, sa mai murya shi ne lafiyayye. Da na je saye sai na ce a kunna mini su duka in ji kukansu. Wadda ta sa mai tsire na ƙetaren titi ya waiwayo, ita na nuna. Layi huɗu take ci, ni mai layi ɗaya. Tana da eriya da ake zarowa, da rediyo, da fitila irin ta gaban mota, kuma in an kira sai wata mata a ciki ta faɗi sunan mai kiran da ƙarfi kafin kiɗa ya biyo. Mai shagon ya zauna yana zuba mini lambobin mutane. Da ya zo kan taka ya ce, "Babban ɗan naka fa, wane suna zan sa?" Na kalli silin, na kalli takalmina. Na ce, "Sa Wancan."

Bayan mako guda aka yi rasuwa a Gwaram, surukin ƙanena. Muna zaune a wurin ta'aziyya, mutum ya fi ɗari, liman ya ɗaga hannu ke nan, wuri ya yi tsit, sai matar nan ta buɗe maƙogwaro daga aljihuna: "Wancan! Wancan!" Kiɗan biki ya biyo baya. Na zaro ta ina danne-danne. Fitilar ta kama, ta haske liman a fuska. Na sake dannawa, rediyo ya shigo da tallar takin zamani. Da na rasa dabara sai na tura ta ƙarƙashina na zauna a kanta. Ba ta yi shiru ba, sai dai yanzu kiɗan daga ƙarƙashina yake fitowa. Wani dattijo a gefena ya raɗa mini, "Malam Buba, ka amsa wa wancan ɗin mana, ko ma samu mu shafa fatiha." Kai ne kake kira ka ce ka sauka lafiya.

Ka ga ke nan duk wani ƙarin abu da aka cusa wa na'ura, wanda mai ita ba ya bukata, ba ado ba ne. Batir yake ci, kuma shi zai fara lalacewa, ko ya kunyata mutum a gaban jama'a. Abin dubawa a waya kaɗan ne: ta yini da caji, cajarta ta zama irin wadda ake samu a kowane shago, kuma in ta samu matsala akwai mai gyaranta a Birnin Kudu, ba sai an aika Kano ba.

Waɗannan biyun ni kaɗai suka cuta, shi ya sa nake ba da su ina dariya. Na ukun kai ya faɗa wa.

Shekarar da ka samu kwaleji, a Birnin Kudun nan dai, na ji ana cewa yanzu karatu sai da kwamfuta. Ban tambaye ka wace iri ba. Ta yaya zan tambaye ka, ni da ko fuskarka ba na iya kallo in muna magana? Sai na ji labarin wani ofis yana gwanjon tsofaffin kaya. Na je na same su jere a ƙasa. Akwai wasu 'yan sirara da ake ninkewa kamar littafi, ko kallo ba su ishe ni ba. Can a lungu na hango ta: fara, ƙatuwa, mai ƙeya kamar tozon bijimi, ga wani akwatin ƙarfe a gefenta, ga igiyoyi da za su isa ɗaure maruƙa uku. Na ce wannan ita ce uwar garken. Mutum biyu suka ɗora ta a kan motar Alhaji Sabo, na lulluɓe ta da bargon Innarka. Da muka shigo Zandam har mata suna leƙe ta katanga.

Na sa aka sauke ta a tsakar gida, na fuskanci bango na ce, "A gaya wa Wancan ga abin karatu nan."

Ka durƙusa ka ce, "Na gode, Baba. Ta yi kyau."

Shekara uku, duk hutu sai in sa Innarka ta tambaye ka labarinta, kai kuma ka ce, "Tana nan lafiya." Ba ka yi ƙarya ba, tana nan, kuma lafiyarta ƙalau, tunda ba abin da ya taɓa ta.

A shekararka ta ƙarshe na shiga Birnin Kudu sayen maganin shanu, na ce bari in biya ta ɗakin da kuka kama haya a bayan makaranta. Ka dubi wahalar neman mutumin da ba ka iya faɗin sunansa. Na tare wasu ɗalibai na ce ina neman wani dogo, ɗan Zandam, mai shiru-shiru. Suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Au, Mai Rumbu kake nema?" Suka kwashe da dariya suka nuna mini ƙofa. Ban gane ba sai da na shiga.

Ɗakin ko wayar wuta ba a ja masa ba. Ga kwamfutata a kusurwa an shimfiɗa mata ɗankwali, an ɗora risho a kan akwatin ƙarfen, kwanon gari da gwangwanin sukari suna bisa ƙeyarta. Abokin zamanka bai san ko ni wane ne ba, ya ba ni ruwa ya shiga ba ni labari har da riƙe ciki. Wai ranar da aka kawo ta sai da aka cire ƙyauren ɗaki. Wai tun daga ranar sunanka ya ɓace, har malamai da Mai Rumbu suka san ka. Wai duk aikin da aka ba ku, kai sai ka taka har cikin gari ka bi layi a shagon buga takardu, wani lokaci da kuɗin abincinka. Ya ce, "Mun ce ya sayar da ita ko masu gwangwan sa saya, ya ce babansa ne ya saya masa." Yana rufe baki ka shigo.

Abin da ka yi shi ne ban manta ba. Ka ce, "Baba, sannu da zuwa," sannan ka matsa a hankali ka tsaya a gabanta, ka buɗe hannuwan rigarka, wai kada in gani. Abin da sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga, shi kake ɓoyewa da jikinka, kai da kake siriri kamar karan dawa. Ba kunyarka kake rufewa ba, tawa ce. Ni kuma na yi abin da na iya: na yi maganar damina, na ce gero ya yi kyau bana, na tashi. A mota na zuba tagumi har muka iso gida, Alhaji Sabo ya zaci haƙori ke damuna.

Ranar ya kamata in ce maka ka yafe mini. Ban ce ba. Yau na ce: ka yafe mini. Na cuce ka shekara uku, ba da mugunta ba, da girman kai da rashin tambaya.

To, da saƙonka ya zo na gane abin da ke ciki. Kwamfutar nan mai tsada ba Kulu kake saya wa ba, Mai Rumbu kake saya wa. So kake ka rufe bakin waɗancan yaran da suka yi maka dariya, su kuwa tuni kowa ya kama gabansa. Kuma ka lura da kyau, hanyata ka biyo sak. Ni na zaɓi mafi girma ban tambaye ka ba, kai ka zaɓi mafi tsada ba ka tambaye ta ba. Gadon gidan ne, amma ba dole ka ci shi ba.

Ni na tambaye ta. Shekaranjiya da hantsi na same ta a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, na ce, "Kulu, wace irin kwamfuta karatun naki yake so?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk wadda Yaya ya saya ta yi, Baba."

Na taɓa jin irin wannan amsar a tsakar gidan nan. Na ce, "Ɗaga kanki ki dubi bayan rumbu." Ka san can kwamfutarka ta ƙare. Gilashin ya fashe, an kwashe kayan cikin, kazar Innarka mai wake-wake ta mayar da ita ɗakin ƙwai. Karo huɗu tana ƙyanƙyasa a ciki, ita kaɗai ce a gidan nan ta ci moriyar ilimin zamani. Na ce, "In ba ki faɗi gaskiya ba, irin waccan zan sake sayowa, kuma ni zan raka ki da ita har ƙofar aji."

Ta yi dariya har gyaɗar ta zube. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda da ta ɓoye a littafi mako biyu. Ashe ta riga ta tambayi 'yan matan da suka gabace ta a kwalejin. Abin da suka ce mata: 'yar ƙaramar kwamfuta ta hannu mai ninkewa, wadda za ta yi rubutu ta buɗe littattafai, ta kuma riƙe caji. Fawa banki ta gaskiya, ba irin tawa ba. Fitila mai sola. Soket mai baki da yawa, don ɗakin kwanan ɗalibai rigimarsa a kan wurin caji take. Waya kuwa ta ce wadda ka bar mata ta ishe ta, batir kawai za a canja. Sun kuma gaya mata mai sabuwar kwamfuta mai ƙyalli ba ta da sukuni, ko wanka za ta sai ta nemi mai gadi.

Da na gaya mata batun saniya sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Baba, in aka sayar da saniyar Yaya saboda ni, wallahi duk ranar da na buɗe kwamfutar ita zan riƙa gani. Ba zan iya karatu da ita ba." Na sa takardar tata a cikin wannan, ka gani da rubutun hannunta.

Ga abin da nake so ka yi. Na fitar da riɗin bana, Alhaji Sabo zai ba ka abin da aka samu, ka haɗa da ɗan abin da ka tara, zai isa. Kada ka je kasuwa kai kaɗai. Nemi malamin da ke koyar da kwamfuta a makarantarku ka roƙe shi ya raka ka, ka saya masa abinci, ba faɗuwa ba ce. In kun zaɓa, a zare ta daga wuta ku zauna a shagon tana aiki, ku ga yadda cajin yake sauka, ko mai shago zai tsuke fuska. A danna kowane harafi a gani. A haɗa da cajarta ta asali. A rubuta muku rasit, da kwanakin da za a iya mayarwa in ta nuna hali. In akwai ɗan ƙarcewa a bayanta kada ya dame ka, saniya mai tabo ma tana ba da nono. Kafin ka biya, ka kira Kulu ka gaya mata abin da ke gabanka, kuma in ta ce "ta yi kyau" da sauri, ka sake tambaya.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa ƙafata ciwon ƙarya.

Ranar sunanka ban zauna a gida ba. Tun da sassafe na kora shanu daji don kada wani ya yi mini barka in rasa inda zan sa fuskata. Wani mai keke ne ya wuce ni a hanya ya gaya mini sunan da aka raɗa maka, bai ma san ni ne uban ba. Da ya yi nisa na kama karsanar da ta fi kowace kyau a garken, ja ce, na ce ta zama taka, na faɗi sunan a kunnenta. Ita ce kakar wannan da kake cewa a sayar. Tun daga ranar, kowace safiya in na je turke, da sunanka nake kiran ta. Da ta tsufa na koma kan 'yarta, yanzu jikarta. Mutanen gida sun zaci kanwa nake ba ta shi ya sa take bi na. Sunan ta sani. Yanzu ma ciki gare ta, ina sa ran haihuwa kafin ruwa ya sauka.

In ka sayar da ita za a samu kwamfuta mai ƙyalli, shekara huɗu ta tsufa, wataƙila wata kazar ta gada. Ni kuma in wayi gari ba ni da wanda zan gaya wa sunanka. Ka bar mini ita. Ban taɓa roƙonka komai ba, wannan na roƙa.

Ka aiko da amsa ta hannun Alhaji Sabo kafin kasuwar Sara, don ɗingishin da nake yi na ƙarya ya fara sa mini ciwon ƙugu na gaske. Kada ka kira, ina da zaman ɗaurin aure ranar Juma'a.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya ba Kulu ilimi mai amfani, Ya haɗa kanku, Ya sa ku riƙa tambayar juna abin da mu muka kasa. Allah Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Allah Ya tsare mini kai, Usmanu.

Ga shi na rubuta, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Amma ka adana takardar nan inda Innarka ba za ta gani ba.

Mahaifinka,
Malam Buba.